Sabo Turken Wawa

Masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Na daɗe ina jin wannan karin magana, na kuma sha koyar da shi a aji, ina bayyana wa ɗalibai cewa turke shi ne guntun iccen da ake kafawa a ɗaure dabba, wawa kuwa shi ne wanda abin da ya saba da shi ya ɗaure har ya kasa gaba ya kasa baya. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ni ma ina da nawa turken, kuma a jikin yatsuna goma aka kafa shi. Sai da na sauya kwamfuta a shekarar 2022 sa'an nan na gane haka, bayan na yi wata hasara wadda har yau in na tuna da ita sai zuciyata ta ɓaci. Labarin wannan hasara, da abin da na yi bayanta, shi nake so in ba mai karatu, ko Allah ya sa wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

A unguwar Sabo ta birnin Ibadan aka haife ni, wato unguwar nan da aka keɓe wa Hausawa tun shekarar 1916, wadda ta bunƙasa da cinikin goro da na shanu. Mahaifina bai taɓa fataucin goro ba, amma da fataken goro ya ci abinci. Yana da tafireta a wata 'yar rumfa, inda yake buga wa mutane wasiƙu da rasidai da takardun yarjejeniya. Mai aika huhun goro Arewa zai zo ya tsuguna ya faɗi abin da ke bakinsa, Baba ya buga, ya karanta masa, a sa hannu ko a dangwala yatsa. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya fara koya mini sana'ar. Hanyar koyarwarsa kuwa mai sauƙi ce: yakan ɗora mini tsohon rawani a kan hannuwana, ya rufe su ruf, ya ce, “Idonka a kan takardar da kake kwafa. Yatsa ba ya bukatar ido.” In na leƙa, sai in ji ranƙwashi.

Bayan wannan akwai dokoki biyu da ba ya sassauci a kansu. Ta farko, ba a sa takarda a tafireta ba tare da kabon da wata takarda a bayanta ba, ko da wasiƙar layi uku ce. Ta biyu ta shafi baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Tafiretarsa ta Turawa ce, ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, saboda haka in ya gama bugu sai ya zare takardar, ya ɗauki biro, ya bi layi layi yana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa, a takardar asali da kuma a kwafin. Na taɓa ce masa ai ko ba ƙugiya mai karatu zai gane. Ya dube ni ya ce, “To, rubuta mini sabo, ka rubuta saɓo, sa'an nan ka gaya mini wanne ake shiga wuta dominsa.” Ban sake tayar da maganar ba.

Da na fara taɓa kwamfuta a shekarar 2003 ban sha wuya ba, domin jerin haruffan da ke kan allon madannanta shi ne dai na tafiretar Baba, wato jerin nan da ya fara da Q, W, E, R, T, Y, wanda kamfanin Remington ya fito da shi kasuwa a Amurka a 1874. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ita ce Windows, kuma a kanta na zauna shekara goma sha tara. A cikin waɗannan shekaru yatsuna suka koyi wani abu da tafireta ba ta da shi, wato abin da zan kira hanyoyin yanke. Maimakon mutum ya ɗauke hannu daga haruffa, ya kama linzami, ya je ya buɗe jerin umarni ya zaɓa, sai ya danne maɓalli ɗaya ya taɓa wani, aiki ya gama. Ctrl da A na zaɓe rubutu duka, Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na liƙawa, Ctrl da Z na warware kuskure. A cikin burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, Ctrl da T na buɗe sabon shafi, Ctrl da W na rufe shi, Ctrl da H na nuna tarihin wuraren da aka ziyarta, F5 kuma na sabunta shafi. Ƙaramin yatsana na hagu ya zama mai gadin maɓallin Ctrl, ba ya nisa da shi. Har ila yau na shirya wa kaina allon Hausa, ta yadda in na danne Alt na dama na taɓa B ko D ko K, sai harafi ya fito da ƙugiyarsa. Duk wannan ya shige jikina har ya zamana in an tambaye ni wane maɓalli ke yin kaza, sai na motsa yatsuna a iska na duba kafin in ba da amsa.

A farkon 2022 tsohuwar kwamfutata ta gaji ta kwanta, masu gyara suka ce ba ta tashi. Ƙanena da ke aiki a Ikko ya ji labari, ya aiko mini da tasa ta hannu, ƙirar Mac, wadda ya ce ya daina amfani da ita. Na yi murna ƙwarai, domin kyakkyawa ce, marar nauyi, batirinta kuma na daɗewa, abin da duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai yaba. Da ya kira ni ya ji ko ta iso, sai ya ce, “Yaya, abu ɗaya kawai: inda ka saba danna Ctrl, nan Command za ka riƙa dannawa.” Na ce masa wannan ai ba wani abu ba ne. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya sa lamarin ya yi tsanani shi ne, ita ma Mac tana da maɓalli mai suna Control, yana nan a gefen hagu kusa da inda na saba samunsa, sai dai aikinsa daban. Da babu shi sam, da yatsana ya faɗa wofi na farga. Amma yana nan, ana danna shi ya dannu, kamar ka shiga gari ka tarar da mai sunan amininka, ka yi ta ba shi saƙo yana gyaɗa kai, alhali bai san wanda kake nufi ba. Shi kuwa Command yana maƙale da dogon maɓallin tazara, babban yatsa ne ke kai masa, saboda haka dole tafin hannu ya ɗan karkata, sauran yatsu su goce kaɗan daga mazauninsu. A makon farko na ga abubuwan mamaki. Na nemi tarihin burauza da Command da H, sai burauzar ta ɓace daga fuskar kwamfuta gaba ɗaya, domin a can wannan umarnin ɓoyewa ne. Na danna F5 shafi bai sabunta ba, sai da na gano Command da R. Na danne Option, wanda ke matsayin Alt, na taɓa K ina jiran ƙ, sai ga wani ɗan da'ira a saman layi. D ta ba ni wata alamar lissafi, B ma haka. Ƙugiyoyina sun tafi ke nan. Dabarar da na yi ita ce in buɗe akwatin alamomi in riƙa tsinto ɓ da ɗ da ƙ da linzami ɗaya bayan ɗaya, na ce in na sami sukuni na gyara. Akwai kuma wani gargaɗi da burauzar kan yi in za a rufe ta gaba ɗaya. Ni da hannuna na kashe shi a wannan makon, wai yana ɓata mini lokaci.

A lokacin ina neman wani tallafin bincike. Burina shi ne in naɗi muryoyin dattawan da suka yi cinikin goro a Sabo tun zamanin da jirgin ƙasa ke ɗaukar kaya zuwa Kano, in tattara kalmominsu na sana'a: yadda ake lissafin ƙwarya, yadda ake ɗaurin huhu, yadda ake bambanta daushe da sabon goro, da irin Hausar da ta cakuɗa da Yarabanci a bakin dillalai. Na ƙidaya dattawa bakwai da suka rage masu cikakken hankali da tuni. Masu ba da tallafin sun yarda a rubuta bayani da Hausa, amma sai an cike shi a cikin wani fom a shafinsu na intanet, kuma wa'adi na cika ne da ƙarfe goma sha biyun dare na wata Juma'a.

Na zauna bayan sallar la'asar da takardun da na yi zayyana a kansu, na jingina su a gefen hagu yadda Baba ya koya mini, na fara bugu kai tsaye a cikin fom. Ina da wata al'ada da na daɗe da ita: duk bayan 'yan sakin layi sai in zaɓe rubutun duka in kwafe shi, domin ko wani abu ya faru ya zamana yana ajiye, in liƙa shi kawai. Wannan shi ne kabon ɗina. Ban fasa ba a wannan daren. Na yi shi ya fi sau goma. Sai dai idona na kan takarda, hankalina na kan jimla, ƙaramin yatsana kuwa ya koma gidansa na dā. Control da A nake dannawa, Control da C. A kan Mac, na farko ba abin da yake yi illa ya mayar da ɗan sandan rubutu farkon layi, na biyu kuwa ba ya kwafar komai. Nakan ga sandan ya koma baya, in ɗauka taɓa shi na yi, in maido shi in ci gaba.

Wajen ƙarfe goma da minti arba'in na kai ƙarshe, kalma kusan dubu da ɗari biyar, kowace ƙugiya na tsinto ta da linzami na sa ta a mazauninta. Na buɗe wani shafi domin in tabbatar da wata shekara, na tabbatar, na zo rufe shi. Wannan karon na tuna da maganar ƙanena, na sa babban yatsa a kan Command. Hannu ya karkata, yatsan da ya nufi W ya sauka a kan maƙwabciyarta Q. Command da W rufe shafi ɗaya ne, Command da Q kuwa sallamar burauza ce baki ɗaya. Kafin ƙiftawar ido komai ya ɗauke.

Ban firgita ba da farko. Na sake buɗe burauzar, shafuna suka dawo, amma shafin fom ya nemi in sake shiga da kalmar sirri, da na shiga kuma na tarar da akwatin rubutu fari fat. Na ce ba komai, ai ina da kabon. Na danna Command da V a hankali, ina kallo. Abin da ya fito lambobi ne guda ashirin, wato lambar katin mitar wuta da na kwafa da rana, lokacin da hankalina ke jikina. Na daɗe ina kallon lambobin nan. Maiɗakina ta leƙo ta ce, “Malam, lafiya?” Na ce mata lafiya lau, ta dube ni ta koma ba ta ce komai ba.

Minti saba'in da 'yan kai suka rage. Na sake bugawa daga abin da na tuna da abin da ke takarda, ban tsaya tsinto ƙugiya ko ɗaya ba, domin babu lokaci. Na tura saura minti takwas, bayanin bai kai rabin na farko ba. Da gari ya waye na karanta abin da na aika, kunya ta kama ni. Malamin Hausa ne ke neman kuɗin adana Hausa, ya rubuta kasa a wurin ƙasa, baki a wurin baƙi, kwarya a wurin ƙwarya. Ban sami tallafin ba a wannan shekara. Ba zan ce ga dalili ba, domin masu nema na da yawa, kuma mai yiwuwa ko da bayanin farko ne ya isa, wani ya fi ni. Abin da na sani shi ne, kafin shekara ta zagayo biyu daga cikin dattawan nan bakwai sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne wanda kowa ke cewa in ana batun lissafin goro a je wurinsa. Allah ya jiƙansu.

Da na je gaishe da Baba na ba shi labari. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya saurare ni har ƙarshe. Sa'an nan ya ce, “Ka sa kabon?” Na ce, “Na sa, Baba, sai dai bai kama ba.” Ya ce, “Ka ɗaga takarda ka duba ko ya kama?” Na yi shiru. Ya ce shi ma ya taɓa juya kabon baibai, ya buga yarjejeniya shafi biyu, rubutun ya fito a bayan takardar asali, kwafin kuwa fari. Tun daga ranar, in ya buga layin farko sai ya ɗaga gefen takarda ya leƙa. Ya ƙara da cewa, “Na hana ka kallon yatsa ne a kan injin da ka sani. Wa ya ce ka rufe ido a gidan da ba ka taɓa kwana ba?”

Daga nan na ƙudura sai na san kan wannan al'amari. Da farko ina cike da haushi, ina ganin Mac ce ta karkace daga hanya. Da na bi tarihin abin sai na ga ba haka ba ne. Dabarar nan ta cirewa da kwafa da liƙawa, Larry Tesler da abokan aikinsa ne suka shimfiɗa ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya cikin shekarun 1970. Daga baya Tesler ya koma kamfanin Apple, wanda ya fito da kwamfutar Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, a nan ne kuma aka ɗaura waɗannan ayyuka a kan Z da X da C da V, haruffa huɗu da ke jere a layin ƙasa, kusa da babban yatsan hagu. Alamar da ke kan maɓallin Command, mai kama da igiyar da aka yi wa madauki huɗu, Susan Kare ce ta zaɓo ta daga alamar da ake sawa a allunan hanya a ƙasar Suwidin domin nuna wuraren tarihi. Shi kuwa Control ya girme su duka, kuma yana da nasa aikin tun dā: a tsofaffin na'urori Control da C umarni ne na katse aikin da ke gudana. Windows ta ɗauki haruffan nan huɗu ne daga baya, suka zauna sosai a fitowarta ta 1992, ta ɗora su a kan Ctrl tun da allonta ba shi da Command. Wato abin da na ɗauka shi ne asali, ashe shi ne aro. Na kuma gano cewa ba ni kaɗai yatsa ya taɓa cuta a cikin fom ba. A dā maɓallin share harafi na baya yakan mayar da burauza shafin da ya wuce in ba a cikin akwatin rubutu ake ba, mutane suka yi ta hasarar abin da suka cike, har masu Chrome suka cire wannan aiki a 2016, masu Firefox suka bi sahu a 2021.

Gyaran farko da na yi na masu taurin kai ne. A cikin saitin allon madannai na Mac akwai wurin da ake musanya aikin manyan maɓallai. Na shiga na ce Control ya zama Command, Command ya zama Control. Nan take ƙaramin yatsana ya sami 'yanci: kwafa da liƙawa da buɗe shafi suka koma inda na san su. Kwana biyu ina jin daɗi, a na uku na fara ganin ɓaraka. A kan Windows, Alt da Tab ke tsallakawa daga manhaja zuwa manhaja, Ctrl da Tab kuma daga shafi zuwa shafi a cikin burauza. A kan Mac, Command da Tab ke yin na farko, shi kuwa Command yana zaune ne daidai inda Alt yake, Control da Tab ke yin na biyu. Wato waɗannan biyun dama sun dace da sabona tun asali, musanyar da na yi ce ta birkita su. Na toshe ɓaraka ɗaya na buɗe wata. Daɗin daɗawa, umarnin sallamar burauza ya biyo ni: yanzu yana kan Control da Q, har yanzu maƙwabcin rufe shafi. Ranar da wata ɗaliba ta ari kwamfutar domin ta nuna aikinta a aji, ta yi ta fama tana cewa, “Malam, kamar kwamfutarka ba ta da lafiya,” a ranar na mayar da komai yadda yake.

Sai na zauna da takarda da biro, na rubuta duk hanyoyin yanken da nake bi a yini, suka kai ashirin da ɗaya. Na kasa su kashi uku. Kashi na farko, waɗanda harafinsu bai sauya ba, maɓallin dannewa kawai ya sauya; su ne mafi yawa, kuma na yanke shawarar in koye su yadda suke, tun da idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Na manna ɗan guntun filasta a kan Control domin yatsa ya ji baƙon abu ya janye, na kuma ɗauki minti goma kowace safiya ina maimaita su ina kallo, kamar yaro a gaban allo. Mako uku aka yi babban yatsana ya karɓi gadi. Kashi na biyu, waɗanda suka sauya ɗungurungum, irin su sabunta shafi da tarihi da zuwa farkon layi ko ƙarshensa, wanda a Mac ake yi da Command da kibiya. Waɗannan na rubuta su a 'yar takarda na liƙa a gefen fuskar kwamfuta har suka zauna.

Kashi na uku abu ɗaya ne tak, wato wanda kuskurensa ke jawo hasara, kuma shi kaɗai na sauya. A cikin saitin nan na allon madannai akwai sashen da ke ba mutum dama ya ɗaura wa kowane umarni na kowace manhaja maɓallan da yake so. Ana zaɓar manhajar, a rubuta sunan umarnin daidai yadda yake a jerinta, harafi da harafi, domin in aka kuskure ko tazara ɗaya ba zai yi aiki ba, sa'an nan a danna sababbin maɓallan. Na zaɓi burauzata, na rubuta umarnin sallama, na ɗaura shi a kan maɓallai uku, Control da Option da Q, waɗanda hannu ba ya haɗa su sai da niyya. Na gwada Command da Q sau biyar, burauza ba ta motsa ba. Na kuma koma na kunna gargaɗin nan da na kashe da hannuna. A cikin wannan bincike ne na san Command da Shift da T na dawo da shafin da aka rufe bisa kuskure, ko da yake ba kullum yake dawo da abin da aka rubuta a ciki ba.

Saura ƙugiyoyi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun shiga rubutun boko tun cikin shekarun 1930, kuma tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke bi, ya ba kowannensu lambarsa, saboda haka kwamfuta ta san su. Abin da ya rage shi ne a nuna mata maɓallin da zai kira su. Na sami wata manhaja ta kyauta mai suna Ukelele, wadda ƙungiyar SIL ta samar domin shirya allon madannai a kan Mac. Da ita na ɗauki allon Ingilishi na sauya gurbi shida kacal: Option da B, da D, da K su ba da ƙananan haruffa, in an haɗa da Shift su ba da manya. Aikin bai ci mini awa ɗaya ba. Awa ɗayan nan ce na yi ta ɗagawa ina cewa sai na sami sukuni.

Wani baƙo da ya zo mana taro daga Nijar ya ƙara buɗe mini ido. Kwamfutarsa allon Faransanci gare ta, wanda ya fara da A, Z, E, R, T, Y, inda A ke zaune a gurbin Q, Z kuma a gurbin W. Ya ce duk ranar da ya hau kwamfutar 'yan Nijeriya, in ya nufi zaɓe rubutu duka sai yatsansa ya sauka a kan Q, in ya nufi warware kuskure sai ya rufe shafi. Muka yi dariya, kowa da nasa turken. Shi yana rubuta ƴ da ƙugiya, ni ina rubuta 'y da waƙafin sama, amma ciwonmu ɗaya.

A yanzu ba na rubuta komai mai tsawo kai tsaye a cikin fom. Nakan rubuta shi a takardar kwamfuta ta daban, in adana, sa'an nan in kwafa in liƙa, in kuma duba da idona cewa ya liƙu. Dattawa biyar da suka rage na bi su da wayata da kuɗin aljihuna, na naɗi abin da ya sawwaƙa, kuma aikin na nan yana tafiya. Amma sau da yawa in na tambayi wani lissafi sai ɗayansu ya ce, “Kayya, ai da Alhaji na da rai, shi zai warware maka wannan.”

Ɗalibanmu da yawa za su sauya kwamfuta kafin su gama karatu, wani daga Windows zuwa Mac, wani zuwa Linux, wani ma aron ta aboki zai yi a daren da zai miƙa kundinsa. Shawarata gare su ita ce, ranar da baƙuwar na'ura ta shigo hannunka, kada ka fara da aikin da ke da wa'adi. Ka ba ta yini guda. Ka rubuta abin da yatsunka suka saba yi, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya kana kallo, ka koyi abin da za a iya koya, ka sauya wanda zai iya cutar da kai, ka kuma shirya ƙugiyoyinka tun kafin ka bukace su. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara. Tafiretar Baba tana nan a ɗakinsa a rufe da tsohon rawanin nan, kuma har yau in na kai masa wata takarda da na buga, sai ya kusanto da ita ga idonsa ya bi layi layi yana neman harafin da na bari ba ƙugiya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa mu dace, amin.